Dutsen Goge Kaushi a Gonar Riɗi

A ƙasarmu ta Gagarawa, in kana neman dutsen da za ka jefi akuya, sai dai ka haƙura ka daka mata tsawa. Rairayi ne ko'ina. Shi ya sa da aka ce masana sun biyo ta nan suna neman duwatsun aman wuta, masu ma'adinan da ake sa wa batir da wayar hannu, ban damu ba. Ni da ba na rasa abin damuwa.

Kwatsam sai ga ɗayansu a gonata, tsugune a gindin aduwa, riƙe da wani baƙin dutse mai huji-huji. Ya juya shi, ya leƙa shi da ɗan gilashi, ya ce abin mamaki ne a same shi nan. Ya ɓalli gefensa da guduma, wai za a gwada.

Na sha jin yadda ake yi: a kafa turaku, a kawo katafila, gona ta zama rami. Ga riɗina ya fara fure. Na garzaya wurin malamin unguwarmu, na tambaye shi ko ya halatta in ce ban san mai gonar ba. Ya ce ƙarya ce, in tashi in ba shi wuri.

A gida na tarar da mai ɗakina tana ta faɗa, wai wani marar aikin yi ya fasa mata dutse. Ashe nata ne na goge kaushi. A kasuwar Maigatari ta saye shi wurin Buzaye, take barin sa gindin aduwar don wanke ƙafa in ta kawo mini abinci.

Washegari na tasa ta gaba har masaukin baƙin, na sa ta maimaita, na ce ko rantsuwa ake so za ta yi. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce dutsen da ya yi yawo ba ya ba da shaida a kan gonar kowa, sai wanda aka tarar kwance inda Allah ya ajiye shi.

Na ce, "To ranka ya daɗe, ma'adinin da ta riga ta goge a dugaduganta fa, na gwamnati ne?"

Ya ce, "Malam, je ka kula da riɗinka."

Na yanke riɗina lafiya. Ita kuwa ta ce ɓallallen gefen ya ma fi cin kaushi. Duk da haka na hana ta barin dutsen a gona. Wa ya san wanda zai biyo gobe?