Yakuwar da Shanu Suka Kawo

Ni 'yar Lome ce, a tsohon Zongo aka yanke mini cibiya, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Babana mahauci ne, uwata tana tuyar ƙosai kusa da masallaci. Da akume na girma, tuwon masarar mutanen bakin teku, da miyar ademe mai manja. Maigidana kuwa daga can ƙasar Nijar ya zo, yana sayar da atamfa a babbar kasuwa.

Ba a daɗe da tayar da mu daga cikin gari zuwa sabon Zongo, wajen Agoè, ba sai mahaifinsa ya rasu, ya je ya ɗauko mahaifiyarsa. Inna muke ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi maka kallo ɗaya sai ka duba ko zanenka ya karkace.

Inna ta ƙi cin abincinmu. Ba faɗa, ba gori. Sai ta kai loma biyu, ta ce alhamdu lillahi, ta ture kwanon. Na yi akume, ta ce ya yi tsami inda bai kamata ba. Na nemo gero na tuƙa mata tuwo, ta ce tuwon ya yi, miyar ce ba ta san ta ba. Abu ɗaya take ambata: yakuwar daji. Na sayo yakuwa a kasuwa, ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ai ta lambu ce, 'yar nan. Ruwa ne zalla. Tamu ƙaramin ganye gare ta, jan kara, da 'yar ƙaya a jiki. Ba a shuka ta, a bayan gari take fitowa." Na yi sautu wajen wani direba, shi ma ta lambun ya kawo, busasshiya. Ya ce wa zai kasa a kasuwa abin da akuya ke ci kyauta?

Tsohuwa ta yi ta ramewa har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ran nan bayan la'asar maigidana ya kira ni ɗaki ya ce, "Ba zan zuba ido uwata ta ƙare a hannuna ba. In aka yi Babbar Salla ba ta warware ba, zan tattara mu koma gida gaba ɗaya."

Gida! Gidan wa? Ni da ko garin Sokode ban taɓa wucewa ba. Uwata tana nan, babana yana nan, kaburburan kakannina suna nan. Wallahi raina ya ɓaci, amma me zan ce wa mutumin da ke maganar uwarsa? Wata uku ya rage Salla.

Wurin babana na kai kukana. Yana wasa wuƙa, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ke dai ba kya lura. Je ki dubi inda ake share motocin shanu bayan an yi ruwa. Ciyawar da ke fitowa a wurin ba ta ƙasar nan ba ce. Da, lokacin da ake koro shanu da ƙafa, kafin su iso sun zubar da abin da suka ci a hanya. Yanzu kwana uku a mota, dajin garinsu yana cikinsu suke isowa."

Na ce, "Baba, kashin shanu kake so in kwasa?"

Ya ce, "Ni ban ce ki kwasa ba. Na dai faɗa miki inda take."

Washegari na ɗauki kwano babba da guntun tsintsiya na nufi inda ake sauke shanu. Na bi direbobi ina tambaya, wace mota ce ta taso daga wajen su Inna? Suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Hajiya, in taki kike so ga shi can tuli." Na ce ba na son tuli, na cikin motar nan nake so, tun bai taɓa ƙasa ba. Na ɗaure zanena na hau. Kai, warin nan har yau in na tuna sai na ji shi a maƙogwaro.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne, ana yawan kwasar matan unguwa a mota, a ɗaura musu atamfa iri ɗaya mai hoton shugaban ƙasa, su je bakin titi su yi rawa da tafi. Ba a cewa a'a, sai dai ka ce ba ka da lafiya, kuma ranar abin da na ce ke nan. To, ina dawowa da kwano a ka, ruwan kashi yana bin wuyana, sai ga motarsu ta tsaya daidai gabana. Mata sama da ashirin, kowa fes. Wata ta ce, "Ikon Allah! Mai zazzaɓi ce wannan?" Wata ta ce, "Matar mai atamfa, sabuwar sana'a aka samu?" Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na tsaya na ce, "E, sana'a ce. Ku kun yi wa wani rawa, ni gidana nake wa aiki." Na wuce ban waiwaya ba. Mako guda ana yi da ni a bakin rijiya.

Sau biyar na je. A bayan ɗakinmu akwai fili, don lokacin sabon Zongo rabinsa ciyawa ne. Na baje kashin a kan jar ƙasa, na kewaye da ganyen kwakwa saboda awaki, ina ɗebo ruwa safe da yamma. Maigidana ya zaci tumatir nake so in shuka, ni kuma ban gyara masa ba. Inna ma ban gaya mata ba, don kada in sa mata rai abin ya ƙi.

Bayan kwana goma wurin ya yi kore shar. A nan na gane wautata: ban taɓa ganin yakuwar daji da idona ba. Iri-iri ne suka fito, ban san ko ɗaya ba. Abin da nake da shi kawai maganar Inna, jan kara, 'yar ƙaya, tsami. Sai na durƙusa ina tsinkar ganye ɗaya ɗaya ina taunawa. Wani ɗaci, wani yauƙi, wani ya kumbura mini leɓe kwana biyu har uwata ta tambaye ni ko maigidana ne ya mare ni. Na ce a'a, ciyawa nake ci. Ta ce, "To Allah ya shirye ki."

A cikin mako na huɗu na same ta, can gefe inda ruwa ba ya kwanciya. Na sa a baki, tsami ya kama mini muƙamuƙi har hawaye ya zo. Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ni kaɗai. Tushe tara na ƙirga. Na cire duk sauran ciyawar na bar musu wurin.

Saura kwana goma sha biyu Salla na yi miyar. Maigidana ya riga ya fara rage kaya a rumfa, ya ma yi magana da mai motar da za ta kai mu. Na daka gyaɗa, na sa daddawar batso da busasshen kifi. Hannuna ya kai kan kwalbar manja sau biyu, na janye shi. Na tafasa ganyen na tsiyaye ruwan farko, na tuƙa tuwon gero, na kai mata na durƙusa.

"Inna, ga abinci."

Ta buɗe kwanon. Ta kai loma ɗaya, ta biyu, ta uku. Ni dai ina bakin ƙofa ina kallon ta. Ba ta ɗago ba sai da ta suɗe kwanon da yatsa. Sannan ta ce, "Wa ya ce ki zubar da ruwan farko? Kin kashe mata rabin rai."

Na ce, "Ban sani ba ne, Inna."

"Ina kika samo ta?"

Na faɗa mata duka, har da motar mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in miƙo mata sandarta. Tsohuwar da ta yi wata biyu ba ta wuce bakin ɗaki ba, ta dafa kafaɗata muka zagaya baya. Ta sunkuya tana shafa karan da yatsa, ƙayar tana kama ta, ba ta damu ba. Na ga leɓenta yana rawa, sai na kau da kai don kada ta ji kunyata.

Muna nan maigidana ya shigo, ya tsaya yana kallon mu. Inna ta nuna tushe uku da sanda ta ce, "Waɗannan kada wanda ya ƙara taɓa su, na iri ne. Sai bayan damina za su yi 'ya'ya, kuma in ba a tsaya a kansu ba, ƙwanson fashewa yake ya watsar."

Ya ce, "Inna, bayan damina kuma? Ai bayan Salla za mu tafi."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wa zai tafi? Yarinyar nan ta hau motar shanu saboda ni, in bar mata abin da ba ta san yadda ake tara irinsa ba? In tafiya kake so, Allah ya kiyaye hanya. Amma kafin ka tafi ka sayo mini fartanya."

Na haifi 'ya'ya, na aurar, na je Makka na dawo, kuma duk na gode wa Allah. Amma ban taɓa jin kaina ya kai inda ya kai a yammacin nan ba, ina tsaye ba takalmi a bayan ɗaki, tsohuwa tana jingine da kafaɗata, maigidana yana tambayata a hankali ina ake sayar da fartanya a garin nan.