Ƙafafun Baba Masinja

Baba Masinja bai taɓa mallakar ko keke ba, amma babu lungun da bai san tafin ƙafarsa ba. Tun yana saurayi ya kama aikin ofis: a miƙo masa fayil ya hau bene, a miƙo ambulan ya ratsa kasuwa, ya dawo a ce shayin oga ya huce, ya sake sauka. Siririn mutum ne mai saurin magana, takalminsa kullum a cinye ta gefe guda. Da wannan zirga-zirgar ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yansa har suka zama mutane.

Ciwon suga ya same shi yana tsakiyar aiki, gado daga wajen mahaifiyarsa. Sai dai ciwon bai sami wurin miƙe ƙafa ba. Yana shan ƙwayarsa, ya rage zaƙi, duk sanda aka gwada jininsa likita sai ya gyaɗa kai. "Yawon nan naka rabin magani ne," in ji shi. "Naman jiki in yana aiki, shanye sugan yake yi. In ka zauna, a jini zai taru."

Ritaya ta zo, matarsa ta rasu, sai babban ɗansa, wanda kowa ke kira Manaja, ya zo da mota ya kwashe shi. Gida ne na gani na faɗa, mai ƙaton get da maigadi. Aka ware masa kujera a falo, irin mai laushin nan da in ka zauna sai an miƙo maka hannu kafin ka tashi.

"Baba, wahala ta ƙare," in ji Manaja. "Daga yau ko tsinke ba za ka ɗaga ba."

Kuma fa da gaske yake. In Baba ya miƙe zai ɗebo ruwa, surukarsa ta yi wuf ta riga shi. In ya ce zai leƙa kanti, a kira direba. Ga faranti yana bin faranti, ga talabijin tana surutu daga safe. Kafin a ce me, tumbi ya fito wa mutumin da a da ko kitse ba shi da shi a jiki, ƙishirwa ta addabe shi, fitsari ya hana shi sakat, 'yan yatsun ƙafarsa suka fara yi masa kamar na aro. Da ya kalli kansa a madubin banɗaki sai ya ja tsaki.

A asibiti, malamar jinya ta gwada jinin, ta tsikari tafin ƙafarsa, bai ji komai ba. Ba ta ɓoye masa ba.

"Baba, maganin kaɗai ba zai riƙe ka ba. In ka ci abinci ka fita ka taka, ko zuwa ƙarshen layi ne ka dawo, kullum. In ba haka ba, ƙafar nan muke jin tsoro."

Ya ji daɗin maganar kamar an ce masa ya koma gida. Washegari bayan cin abincin rana ya saka takalmi ya fita. Iska ta buge shi, gumi ya karyo, gwiwoyi suka fara tuna aikinsu. Kwanaki kaɗan yana haka, awon sugan da yake yi da ɗan injin gwaji ya fara sauka. Sai ranar nan wata baƙar mota ta ci birki a gabansa. Abokin aikin Manaja ne.

"Subhanallahi! Baba, kai ne a ƙasa cikin ranar nan? Ina direba? Shigo, don Allah."

"Ɗana, tafiyar nake so. Magani ce."

"Haba Baba, ai ba za a yi haka da ni ba."

Haka aka cusa shi a mota kamar buhu, aka mayar da shi inda ya fito. Kafin la'asar labari ya kai ofis. Manaja ya shigo fuska a murtuke, ya durƙusa, don ladabi dai ba a fi shi ba.

"Baba, me na rage ka da shi? So kake a ce ina hawa mota ubana yana yawo a titi kamar marar gata? Yau har oga sai da ya yi mini maganar."

"Malamar jinya ce ta ce in taka."

"Malamar jinya ba ita za ta ji kunyar ba. In magani ne, a sayo mafi tsada."

Aka ja wa maigadi kunne: Baba ba ya fita sai a mota. Baba ya koma zagaya tsakar gida, daga get zuwa tankin ruwa. Surukar ta zo tana murza hannu, wai maƙwabta suna leƙowa ta saman bene, har wata ta tambaye ta ko tsufa ya fara taɓa masa kai. Ya koma kujerarsa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu wanda ya taɓa ɗaga masa murya. Da "sannu Baba" da "Allah ya ƙara lafiya" ake kashe shi a zaune, kuma kowa yana jiran ya yi godiya.

Ko farcensa ba a bari ya yanke da kansa, mai yankan farce ake kirawo masa har falo. A nan aka ɗan yanke shi a babban yatsa. Bai ji ba. Sai da safa ta fara manne masa, wani wari ya riƙa tashi duk da turaren da ake fesawa, sannan aka duba. Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya fara hawa. Shi kansa sai da ya kau da kai.

Ɗaki na musamman Manaja ya kama masa a asibiti. Masu dubiya suka cika shi fal, 'yan ofis da matansu, ana ta ajiye lemon kwalba a gefen gadon mai ciwon suga. Manaja yana tsaye a tsakiya, ido jajir, yana ba da labari.

"Wallahi tun da na ɗauko shi ban bar shi ya taka ko nan da can ba. Komai yi masa ake. Amma ka ga ƙaddara."

"Ai ka yi, Manaja. Allah ya ba mu masu yi mana haka."

Ana cikin haka likita ya shigo, ya nemi a ba su wuri, ya ce aikin ba zai jira ba, kuma daga ƙasan gwiwa za a cire ƙafar. Manaja ya dafe kai, ya fara tambayar ko akwai asibitin da ya fi wannan, ko nawa ne.

Baba Masinja ya janye mayafi, ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Likita, yi aikinka," ya ce. Sannan ya juya ga ɗansa. "Kai kuma share hawayenka. Je ka gaya wa ogan naka ya kwantar da hankalinsa, ba wanda zai ƙara ganina a titi."