Aikin Anti Rabi ne, ko sun cire sunanta a fosta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina cikin tace kunun aya aka kira ni, wai Anti Rabi ta rasu. Hatsarin mota wajen garin Uke, tana dawowa daga ɗebo nonon da take gwaji a kansa.



Waɗanda ba su san ta ba, Dakta Rabi kwastomata ce a nan Gwarinpa. Bincike take yi a kan ƙwayoyin cutar da ke shiga abinci. Ranar farko da ta sayi kununa ta leƙa kulata ta ce, "Ummi, wa ya ce miki sanyi na kashe su?"

Na ce, "Kai Anti, har cikin firji?"

Ta zauna a bencina da takalminta mai tsini ta yi min bayani. Wai ƙwayar cutar tana da wani abu kamar mai gadi a cikinta. Da ta ji wuya, ko sanyi ko gishiri ko tsami, sai ya farka ya shiga ba ƙwayoyin halittarta oda, kunna wannan, kashe wancan. Sai ta ƙara taurin rai. Ta ce, "Ɗumamen da kuke yi sama-sama ɗin nan, tirenin kuke ba ta. In za ki dafa, ki dafa."

Ni da ban ƙarasa sakandare ba, ba ta taɓa yi min dariya ba. Da Mama ta kwanta asibiti, ita ta kai mu a motarta.

To yanzu ku je ku ga sitatus ɗin oganta na wurin aiki. Hotonsa ne, da babbar riga, ita an maƙale ta can gefe rabin fuska. Wai "na yi rashin 'yata."

'Yarka? Mtsw.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta zo idonta jawur, ta miƙo min wayarta. Fostar taron da za a gabatar da binciken ne. Sunansa ɓaro-ɓaro, da na wani ɗan abokinsa da bai san hanyar lab ba. Nata babu. Ita da ke shiga rugage tana ɗebo nono, ita da ke sayen man janareta in an ɗauke wuta don kar gwajinta ya lalace. Shi ko sai ya leƙo daga bakin ƙofa yana toshe hanci da hankici.

Na ce, "Anti wallahi bari in sa shi a onlayin."

Ta yi murmushi ta ce, "Ke dai ba ki da birki. Zuba min mai sanyi."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Taron na nan tafe. Ogan zai hau mumbari ya gyara hula ya karanta abin da ko ni mai kunu na fi shi ganewa, a tafa masa. Abokan aikinta da suka yi shiru saboda ƙarin girma, ina ganin kukanku a kwament. Ku riƙe abinku.

Allah ya jiƙan Anti Rabi, ya haskaka kabarinta, ya ba mahaifiyarta haƙuri. Duk wanda iliminta ya tsare daga ciwo, Allah ya kai ladan kabarinta. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, kuma ya kira sunanta, Rabi'atu. Mala'ikun da ke rubuta lada ba a fosta suke dubawa ba.