Ɗakin Haihuwa a Bayan Gari

Wata Talata cikin bazarar 1972, in ban yi kuskure ba, wani ma'aikacin lafiya ya sauko daga mota a ƙauyenmu, kusa da Safo, don ya duba ɗakin haihuwar da muka gina. Gwamnati ce ta ce in gari ya yi gini, za ta turo unguwarzoma mai ilimi. Wata biyu ana gayya. Maza na kwaɓa ƙasa, samari na saro azara, mu 'yan mata da an tashi lakwal, wato makarantar boko, sai mu jera tuluna daga rijiya har wuya ya ƙage. Innata na da ciki wata bakwai, ta riga ta rasa jarirai biyu wurin haihuwa, amma kullum sai ta dama wa magina fura.

Tsofaffin mata ne suka zaɓi wurin: bayan gari, ƙofa na kallon gonaki, taga 'yar mitsitsiya can sama, don kada mai naƙuda ta ratsa gaban maza. Mutumin ko leƙawa bai yi ba. Ya ce mota ba ta shiga yashin nan, ɗakin ba haske, a rushe a sake a bakin hanya. Gwaggo Dije, yayar babana, ta ce, "Kai ɗan nan, a bakin hanya uwarka ta haife ka?" Ya ce, "Tsohuwa, tsarin yana cikin takarda." Takardar da ba wanda ya taɓa nuna mana!

Damina ta faɗi, kowa ya ɗauki hauya, ba mai lokacin sake gini. Naƙudar Inna ta zo da gardama, aka ɗora ta a amalanken jaki zuwa Madarounfa. Ƙanena bai zo da rai ba. Ɗakin kuwa ya zama ma'ajiyar gyaɗa.

Na yi karatu daga baya, na san wataƙila ma'aikacin nan yana da gaskiya kan haske da hanya. Ba zan rantse cewa unguwarzoma za ta ceci ƙanena ba. Amma me ya hana a zo a auna mana wuri kafin a aza tubalin farko? An ci guminmu, ba a tambayi ra'ayinmu ba, kuma har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Yanzu akwai ɗakin haihuwa na siminti a bakin hanya, na kuma gode Allah. Sai dai in maigari ya kira gayya, mutane ƙalilan ke fitowa. Ba na ganin laifinsu.