Atamfar Kaka a Bangon Cibiyar Tsofaffi

A shekarar da annobar korona ta lafa ina karatun jami'a, muna zaune ni da mahaifiyata da kakata a wani flat, wato sashen gidan bene, a unguwar Tottenham ta London. Mahaifiyata ma'aikaciyar jinya ce, da sassafe take fita. Ni kuma in ba na aji, to ina laburare. Kaka ce mai wuni a gida ita kaɗai, a saman bene, in ta leƙa taga ba ta ganin komai sai rufin motoci.

Kafin annobar tana da wurin zuwa. Akwai wata cibiyar tsofaffi ta council, wato ƙaramar hukumar yankinmu, a bayan babban titi, tsohon gini mai jan bulo, inda dattawan unguwa ke haɗuwa. Yawancinsu mutanenmu ne, Kanawa da Zazzagawa da mutanen Jos, sai 'yan zango daga Ghana. A nan Kaka ke yin Hausa har ta ƙoshi. Da aka kulle gari aka kulle cibiyar, na ga abin da zaman ɗaki ya yi mata. Ta rage cin abinci. Ta daina tsokanata, ita da tun ina ƙarama ba ta kirana sai da "uwar littattafai". Wata rana na dawo na iske ta zaune a bakin gado, mayafi a ka, jaka a cinya, ba kuma inda za ta.

Da aka sake buɗe cibiyar, Kaka ta dawo hayyacinta. Ginin ne bai dawo ba. Bangon gabas ya sha ruwa har ya yi baƙin tabo tun daga sama. Boiler, injin da ke ɗumama ginin, ya mutu. Rufi na ɗiga daidai kusurwar da mata ke salla, daɓen ƙofar kicin kuma ya ɓare, mai sanda sai ya yi a hankali. Magana ta fara yawo cewa in wani lokacin sanyin ya riske su a haka, za a rufe wurin a mayar da su wata cibiyar mai nisa, inda sai an sauya bas, kuma ba mai jin Hausa. Gwiwar Kaka ba za ta iya wannan tafiyar ba. Na san inda za ta koma: bakin gadon nan.

Ana cikin haka, a ƙarshen sanyin shekarar, labari ya zo cewa gwamnatin tsakiya ta ba council kuɗin farfaɗowa daga annoba, kuma za a ware wani kaso don gyaran cibiyoyin tsofaffi. Ba zai ishi kowa ba. Za a turo jami'a ta zagaya ta ga waɗanda suka fi buƙata.

Shugaban dattawan wani mutumin Jos ne, Kirista, wanda ya yi shekaru yana tuƙa bas a London kafin ya yi ritaya. Kowa Baba yake ce masa, sai Kaka da ke kiransa Direba. Shi ya ce in zo in yi wa matan tafinta. Ni da ko a aji sai malami ya kira ni nake buɗe baki, na rasa yadda zan ce masa a'a.

Ana gobe jami'ar za ta zo, na biya bayan lacca don in ɗauki Kaka. Na tsaya a ƙofa na kasa gane wurin. An goge tagogi. An shimfiɗa darduma a kan daɓen da ya ɓare. Bokitin da ke tare ɗigon rufi ya koma bayan wata tukunyar fure. Kowane lungu da ƙaramar hita ta ɗumama ɗaki da wani ya ɗauko daga gidansa. Bangon gabas kuwa, Kaka na tsaye tana ba wasu maza biyu umarni suna kafe masa atamfarta, sabuwa fil, wadda ta ajiye a ƙasan akwati don bikin wata jikarta a Kano.

"Kaka, me kuke yi haka?"

"Baƙuwa za mu yi."

"Ai ɓarnar ce za ta zo gani."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke in za ki yi baƙo, tsumman ɗakinki kike shimfiɗa masa? Ina amfanin karatun nan naki?"

Baba ya matso yana dogara sanda. "'Yata, baƙonka annabinka. Mu ba mabarata ba ne. Za ta zo ta ci ta sha, ta ga mutane masu mutunci."

Na so in sake magana, amma yaro ba ya yi wa manya gyara sau biyu. Na karɓi tsintsiya na taya su.

Washegari da hantsi jami'ar ta iso. Mace ce mai matsakaicin shekaru, sanye da rigar ruwa, fuskarta ɗauke da gajiyar wanda ya wuni yana shiga gine-gine masu sanyi. Tana shigowa ɗumi ya tarbe ta, da ƙamshin turare. Ta cire rigar ta rataye. Kafin ta ce komai an zaunar da ita, an ajiye mata waina da miyar taushe da shayi mai kayan ƙamshi. Ta ci sosai, har ta tambayi sunan miyar.

Sannan ta fara tambayoyi, ni kuma ina gefenta ina juyawa.

Ko sanyi yana damunsu?

"Alhamdulillahi," in ji Kaka.

Ko akwai abin da suke ganin ya kamata a gyara?

"Mun gode Allah, mun gode gwamnati," in ji wata.

Baba, wanda ya fi ni iya Turanci, ya ce mata ana lallaɓawa.

Ni mutum ce da in an ba ni magana in kai, yadda aka ba ni nake kai ta, ba ƙari ba ragi. Kowace amsa na juya ta daidai, ina ji kamar da hannuna nake rufe ƙofar wurin. Na kalli atamfar da ke bango. Na kalli tukunyar furen.

Jami'ar ta ajiye kofi tana murmushi. Ta ce duk wuraren da ta zagaya ba ta ga mai daɗin wannan ba, wasu ko zama ba a iya yi don sanyi. Ta ce hankalinta ya kwanta da su.

Na juya musu. Wasu suka ce madalla. Kaka ce kaɗai ta lura da muryata. Ta jawo hannun rigata.

"Wato me ke nan?"

Na sunkuya na ce a hankali, "Wato za a gyara wa waɗanda suka fi buƙata, Kaka. Mu ba ma ciki. In sanyi ya dawo, sai waccan cibiyar."

"Mai bas biyun nan?"

"Ita."

Kaka ta shiga jan carbinta. Jami'ar ta miƙe, ta fara sallama da mutane ɗaya bayan ɗaya. Sai Kaka ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ba tare da ta kalli baƙuwar ba.

"Uwar littattafai, tashi ki ciro mini atamfata. Ta biki ce, kada danshi ya ɓata mini ita."

Na miƙe. Na hau kujera na zare ƙusa ta farko, na zare ta biyu. Atamfar ta zamo ƙasa, bangon ya fito baƙi ƙirin, har da ɓawon fenti da ya biyo bayan zanen. Warin danshi ya danne turaren.

Wata tsohuwa 'yar zango, ƙawar Kaka, ita ta fara motsawa. "Ni ma darduma na zan ɗauka," ta ce. "Jika na yana salla a kan shi." Ta naɗe dardumarta, ramin ƙofar kicin ya bayyana.

Baba ya dubi Kaka, Kaka ta dubi silin. Ya yi gyaran murya, ya taka zuwa lungu ya zare wayar hitarsa.

"Madam ta ce in ban koma da ita yau ba, kada in koma."

"A'a, Direba," in ji Kaka, "ba kai ka ce mu ba mabarata ba ne?"

"Hajiya, kin ji na roƙi wani abu? Kayana na ɗauka."

"To ɗauki tukunyar furen ma, ai taka ce."

Ya ɗauka. Ga bokiti nan, ya kusa cika. Kowa ya tuna da abin da ya aro daga gida. Kafin a jima ɗakin ya koma yadda na san shi, sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ba wanda ya yi ƙorafi ko da kalma ɗaya.

Jami'ar ta tsaya tana kallo. Ta ɗauko rigar ruwanta ta sa, amma ba ta nufi ƙofa ba. Ta ciro waya ta shiga ɗaukar hotuna, bango, rufi, daɓe. Ta ce in raka ta ta ga sauran ginin. A banɗaki muka iske wata dattijuwa tana alwala, hannu ɗaya riƙe da bango, tana ƙoƙarin ɗaga ƙafa zuwa wurin wanke hannu. Jami'ar ta tambaye ni ko kullum haka suke yi. A nan ne na fara magana da bakina ba na wani ba. Na yi mata bayanin alwala, na ce abin da suke buƙata famfo ne a ƙasa da wurin zama da ƙarfen riƙewa.

Da za ta tafi ta tambaye ni me ya sa suka ɓoye. Na ce a wurinmu ba a nuna wa baƙo inda gida ya tsage. Ta yi dariya, ta ce mahaifiyarta ma sai ta share gida tsaf kafin mai shara ta iso.

Ba ta yi mana alkawari ba. Makonnin da suka biyo baya na yi su ne ina karanta shafi ɗaya ina sake karanta shi. Sai wata rana da yamma ina kicin na ji wayar Kaka ta yi ƙara, na ji ta ce, "Direba, faɗi a hankali, ba bas kake tuƙawa ba." Ta saurara. Sannan ta ce, "To, alhamdulillahi," kuma a wannan karon na ji bambancin. Na zauna a kan kujerar kicin, ludayi a hannuna, na daɗe ban tashi ba.

Da bazara aka yi aikin. Cocin su Baba ya ara musu zaure suka riƙa haɗuwa kafin a gama. Kafin sanyi ya dawo an buɗe: sabon boiler, rufi ba ɗigo, daɓe sumul, gangara a ƙofa don masu keken guragu. A banɗaki ga famfo a ƙasa da ɗan benci. Kaka ta zauna a kai ta wanke ƙafarta a natse, ta ce ruwan ya cika zafi.

Atamfar kuwa ta yi tabo a gefe guda, wanki bai fitar da shi ba. Haka ta sa aka ɗinka mata, tela ya mayar da tabon ciki, ta je bikin da ita. Har yau in maganar ta taso, cewa take ni ce na yi nawa wajen cirowa. Ba na musu. Da safe ina raka ta har ƙofar cibiyar, in ji tana tsokanar Direba tun kafin ta cire mayafi, sannan in wuce laburare in kashe wayata.