Ruwan Motar Alhamis

Na yi shekaru ina tuƙi a ma'aikatar magajin garin Damagaram, amma in aka tambaye ni abin da na fi gwanancewa a kai, ba zan ce tuƙi ba, zan ce shayar da mota. Wadda aka danƙa mini wata tsohuwar a-kori-kura ce mai shan gazuwal, wato man dizal, ta girmi wasu daga cikin ma'aikatanmu. Injinta lafiya lau, ba zan yi mata ƙazafi ba. Cutarta ɗaya ce: radiyatarta, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya injin, yoyo take yi. An liƙe, an yi walda, har ɗanyen ƙwai na taɓa fasa mata a ciki bisa shawarar wani Bakano mai sayar da kayan mota. Ta cinye ƙwan, ta ci gaba da yoyonta. Da na koma masa da faɗa, ya ce shi bai taɓa ganin ɗan Damagaram da ya ƙoshi da ruwa ba, don me motarsu za ta fita daban. Ban tanka masa ba, don Bakano in ka biye masa sai ka wuni a rumfarsa.

Shekarun nan ne da damina ta yi ta yi mana wasa da hankali. Hadari zai haɗo daga gabas, mata su kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. A cikin gari ma famfo yakan yi kwanaki shiru, shi ya sa shef, wato shugaban garajinmu, ya kafa doka: kowace mota bidon ruwa ɗaya, wato jarka guda, a rana, ko kuka za ka yi ba ƙari.

Aikina na ranar Alhamis shi ne in kai likita, wata mace mai auna yara, tare da buhunan garin kunu, zuwa wani ƙauye da ke ƙarshen ƙasar birni, ta wajen hanyar Gouna. Da an sauka daga kwalta sai rairayi, kuma a rairayi motata ta fi jin ƙishirwa. Kafin mu isa ta shanye bidon tas. Wata Alhamis muna isa gindin gawon da ake awon, ta tafasa, tururi ya turnuƙe. Na lallaɓa ta muka dawo gida da ƙyar, amma injin ya ji jiki, ta kwanta a garaji. Alhamis biyu ƙauyen nan bai ga likita ba, bai ga gari ba.

A ta uku da muka je, na tarar da bokiti a gindin gawo an rufe shi da faifai. Kusa da shi ungozomar ƙauyen ce zaune, wata tsohuwa siririya, da ludayi a hannunta. Na gaishe ta, na ce, “Inna, wannan fa?”

Ta ce, “Na motarka ne, ɗana. Mun ga in ba ta sha ba, ba ta dawowa.”

Likita ce ta ba ni sauran labarin a hanya. Rijiyar ƙauyen ta ƙafe, mata sai sun yi sammako da jakuna zuwa wata mai nisa. Duk safiyar Alhamis tsohuwar nan takan bi gida gida, kowace randa ta ɗebi ludayi biyu, har bokitin ya cika. Shi ya sa ruwan yake jaja-jaja, da ɗan ƙasa kwance a gindinsa.

Na zuba. To me zan yi? In ban zuba ba, ba mu komawa, in ba mu koma ba, ba mu dawowa. Mata na zaune da yara a cinya suna jiran awo, suna kallona ina tuttula ruwan randunansu a bakin ƙarfe. Abin da ya fi ci mini rai kajin ƙauyen ne. Sun gane motata, da na tsaya sai su rugo su shige ƙarƙashinta, suna tsattsagar ƙasar da yoyon ya jiƙa. Ni mutum ne mai girman kai, matata ma ta sha faɗa mini, kuma ban taɓa jin na ƙanƙance kamar yadda nake ji duk Alhamis a gindin gawon nan ba. Na roƙi shef bido na biyu, ya ce in ya ba ni sai ya ba kowa. Na ɗebo daga randar gidana sau biyu, na uku na ga idon matata na fasa. Haka muka yi rani guda.

Ana nan sai majalisar gari ta yanke shawarar sauya motocin ma'aikata da masu aiki da lantarki, sannu a hankali, saboda mai ya yi wuya kuma tsofaffin sun gaji. Aka fara kawo uku, farare, da ɗan bodi a baya. Aka shimfiɗa faifan rana a kan rufin garaji don a riƙa cika musu batir, tunda kuran ɗin gari, wato wutar lantarki, ba abin dogaro ba ne. Direbobi muka taru muna dariya. Wani ya ce fitilar hannu ce aka yi wa ƙafa huɗu. Ni ma na zuba tawa, na ce motar da ba ta ko gyaran murya ai ba ta da ladabi. Da mai koya mana ya buɗe gabanta, na leƙa, na tambaye shi ina ake zuba ruwa. Ya ce ɗan abin da ke cikinta a rufe yake tun daga inda aka ƙera ta, ba ta neman ƙari a hanya. Ya ci gaba da bayani mai tsawo, amma ni ban ƙara jin komai ba.

Sai shef ya raba aiki: sababbin ba za su sauka daga kwalta ba, takardu da manya kawai za su ɗauka a cikin gari. Na same shi a ofis ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce, “Shef, ka ba ni ɗaya ranar Alhamis.”

Ya ce, “Malam, rairayin can zai shanye mata kuran tun ba ka kai rabi ba. In ta mace a daji, ina za ka jona ta, a jikin gawo?”

Na ce, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ba ka taɓa zuba ruwan shan mutane a mota suna kallonka ba.”

Na faɗi wasu maganganun da ba sai na maimaita su a nan ba. Shi mutum ne mai sanyi, ya bari na gama, sannan ya ce sau ɗaya zai ba ni. In ta mace, da amalanken shanu zai sa a jawo ni, ta tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, kuma kada in ƙara ɗaga masa maganar har in bar aiki. Na ce na ji, na yarda.

Motar ban san ta ba, amma hanyar na san ta kamar tsakar gidana. Na sa likita ta fito tun rana ba ta yi zafi ba, lokacin da rairayi yake da ɗan ƙarfi. Da muka sauka daga kwalta na rage wa tayoyi iska. Na kashe na'urar sanyi, likita ta yi ta fifita da katin awo tana cewa ita dai ba ta ga ranar sabuwar mota ba. Ina tafe a hankali, ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan alamar batir. A wata busasshiyar ƙorama, inda tsohuwar motata ta saba tafasa, ƙafar baya ta juya a banza, sau ɗaya, sau biyu. Na ga amalanken nan ƙuru-ƙuru a idona, har da 'yan kasuwa suna nuna ni. Na ɗaga ƙafata, na koma baya kaɗan, na bi ta gefen da ciyawa ta taɓa riƙe ƙasa. Ta haye.

Mun isa gindin gawo ba kowa. Ashe da rurin tsohuwar motar ne matan ƙauyen suke sanin mun taho, tun muna nesa. Sai da na danna oda kafin suka fara fitowa, suna leƙe suna ja da baya. Can sai ga tsohuwa, bokiti a ka, ludayi a hannu. Ta sauke, ta zagaya motar, ta ce, “An yi sabuwa, barka. Buɗe bakinta.”

Na daɗe ina tanadin maganar nan. Na ce, “Inna, wannan ba ta shan ruwa.”

Fuskarta ta sauya. Ta ce, “Ko don sabuwa ce ta raina namu? Na tace shi da mayafina fa, ɗana.”

Wannan ban yi tsammaninsa ba. Na rantse mata ba haka ba ne. Na buɗe gaban motar na nuna mata babu inda za a zuba. Ta ce to me take ci, na nuna mata rana. Ta dube ni irin kallon da ake wa yaron da ya fara ƙarya. Kajin nan ne suka cece ni. Sun rugo kamar kullum sun shige ƙarƙashin mota, suka yi ɗan tone-tone, suka fito suka watse. Tsohuwa ta dafa gwiwa ta sunkuya, ta shafa ƙasar wurin da hannunta, ta ji ta a bushe. Ta miƙe, ta koma ta zauna kusa da bokitinta. Har aka gama awo aka raba gari hannunta na kan faifan bokitin, ko da motar za ta sake shawara. Da za mu tafi ta ce, “Za ta dawo dai ko?” Na ce in Allah ya yarda.

Mun shiga garaji da sauran batir, ba mai yawa ba, amma da saura. Shef ya leƙa alamar, ya leƙa fuskata, ya ce in je in wanke mata ƙafafu. Na ce da wane ruwa, ya yi dariya, daga nan maganar amalanke ta mutu. A shekarun da suka biyo baya aka yi ta janye tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, kuma duk direban da za a tura rairayi da sabuwa, wurina ake aiko shi in nuna masa yadda ake bi. Ba na ɓoye cewa ina jin daɗin wannan.

Mako ɗaya bayan wancan zuwan na farko, Alhamis ta zagayo, shef ya sake ba ni motar, muka koma. Tun daga nesa nake duban gindin gawo, ban ga bokiti ba. Wata mata ta ce mini waccan Alhamis, da ƙurarmu ta ɓace, tsohuwa ta bi gida gida ta mayar wa kowace randa ludayinta biyu. Muna cikin sauke buhuna sai ga ta tafe da 'yar ƙwarya ƙarama a hannu biyu. Ta wuce motar ko kallonta ba ta yi ba, ta miƙo mini.

Ta ce, “Karɓi, ɗana. Wannan na baƙi ne.”

Na tsuguna na yi bisimilla na sha, na rage wa likita rabi.