Daron Sanatu a Ajin Madam Tipaga

Kowace safiya, tun masu koko ba su gama kwashe tukunyar farko ba, za ka ji tarin babur ɗin Madam Tipaga ta bayan kasuwar Savelugu. Babur ne da ya tsufa har yaran unguwa sun haddace kukansa. Takan tsaya ta sayi ƙosai, ta gaisa da mata masu dakan kaɗanya, a yi ta amsa gaisuwar Dagomba "naa, naa" har ƙosan ya huce, sannan ta wuce ƙaramar sakandaren da ta kwashe fiye da shekara talatin tana koyar da Turanci. A ƙarshen zangon nan za ta ajiye alli. Na san halinta, so take ta sulale ba wanda ya ji, ni kuwa na rantse ba za ta fita shiru ba.

Duk wanda ya shiga ajinta zai ga wani tsohon daro a gindin allo, ya lotse ta gefe guda. Baƙi kan ɗauka na wanke hannu ne. Daron Sanatu ne, kuma labarinsa shi ne abin da nake so mutane su sani game da wannan mata.

Sanatu ta zo ajin ne bayan ta yi shekaru tana dakon kaya a kasuwannin Accra. Ta girmi kowa a ajin nesa ba kusa ba, ga tsawo, ga wuyan da ya saba da nauyi. A hannun gwaggonta take, ƙanwar babanta, mace mai magana ɗaya. Ranar da gwaggon ta kawo ta makaranta, a gaban Madam ta yanke hukunci.

"Na ba ta shekara guda. In ta ci jarrabawar gwaji, ta ci gaba. In ta faɗi, ga daronta na dako can a rataye, motar Accra kuma ba ta daina tashi ba."

Sanatu tana iya lissafi, kasuwa ta koya mata. Turanci ne ya tsaya mata a wuya. Ajin kuwa ya cika har bakin taga, kafin Madam ta gama duba insha'in kowa ta mayar, yaran sun manta ma me suka rubuta. Ta lura kuma da abin da ya fi damunta: in Sanatu ta karɓi takardarta ta ga jan biro ya yi mata kaca-kaca, sai ta ninke ta tura cikin riga, ko kallo na biyu ba ta yi.

Nan Madam ta yanke shawarar gwada wani abu. Ta zauna da yaran suka yarda a kan abin da ake kira insha'i mai kyau, sannan ta ce kowa ya miƙa wa na kusa da shi takardarsa, su duba wa juna, su ba da maki, ita ta bi baya ta duba.

Abin ya yi daɗin ji a baki. Sai dai Madam ta manta a ina take. A nan Dagbon, ƙasar Dagomba, yaron da aka koya wa ya durƙusa in zai gai da yayarsa, shi ne zai kalli idonta ya ce ta yi kuskure? Ƙanana suka riƙa cika wa manya maki. Yaron da ya duba na Sanatu ko karantawa bai yi ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ya yi kyau ƙwarai." Sanatu ta yi ta kai goma bisa goma gida tana murna. Da jarrabawar zango ta zo, ta faɗi warwas.

Hedimasta ya kira Madam ofis. "Tipaga, wannan wasan yara ya isa haka. Iyaye na cewa kin bar musu aikinki kina hutawa."

Gwaggo kuwa labari ya kai mata. Ta sauko da daron daga inda yake rataye ta wanke shi tas, ta kife a tsakar gida inda Sanatu za ta riƙa ganinsa safe da yamma.

Madam ta ji ciwon abin nan har ranta, don ita ta jawo. Wani malamin da tuni ya koma ga jan bironsa ya wanke hannu. Ita sai ta roƙi hedimasta ya ba ta zango ɗaya tak, ya yarda yana tsaki.

A bakin famfo ta samo bakin zaren. Ta je ɗibar ruwa sai ta tarar da Pumaaya, 'yar gwaggon, wata 'yar firit da ke zama a layin gaba a ajinta, ta tasa Sanatu gaba.

"Ke baiwata, ɗauki bokitin nan! Uban tsawo kamar turken lantarki, amfaninki ke nan."

"Zan taka ki in wuce ban sani ba, 'yar tsako," in ji Sanatu tana dariya.

Madam ta tsaya da bokiti a hannu. Ai kuwa 'yar mace da 'yar namiji ne, taubasai. Abin da ƙanwa ba ta isa ta faɗa ba, taubashiya za ta faɗe shi a tsakiyar kasuwa kuma ba mai fushi. Washegari ta shiga aji ta ce kowa ya tashi ya nemo abokin wasansa. Garin ƙarami ne, dangi sun sarƙe, kusan kowa ya samu. Waɗanda suka rasa ta haɗa su da 'ya'yan gidajen da ke wasa da gidajensu. Ta kafa doka guda: ka yi tsiyarka son ranka, amma sai ka ɗora yatsa a kan wurin da ya lalace, kuma sai ka faɗi abin da ya burge ka.

Ranar ajin ya kaure har malaman maƙwabta suka leƙo. Pumaaya ta karɓi insha'in Sanatu a kan yadda ta yi hutu, ta karanta, ta tuntsire da dariya.

"Madam, ji ƙarya! Wai ta je gidan kawunta likita an ba ta shayi da biskit. Wane kawu? Kawunmu mai awaki? Daga littafi kika kwaso, baiwata, shi ya sa ba kai ba gindi."

"To me zan rubuta?"

"Abin da kike ba mu labari in muna ɓarar gyaɗa mana. Matar nan da ta ɗora miki buhun albasa ta ɓace a cikin kasuwa."

Fuskar Sanatu ta canza. Ba ta taɓa ambaton dako a makaranta ba, kunyarsa take ji. Da Madam ce ta faɗi haka, da ta ninke takardar ta tura cikin riga. Amma taubashiya ce, kuma ba a barin taubashiya ta ci bulus. Ta fizge takardar ta ce, "Za ki gani."

Sau nawa ta sake rubuta labarin nan, ba wanda ya ƙirga. Kullum Pumaaya na samun abin tsiya. "Nan na ɓata, wa ke magana? Nan kuma kin yi tsalle kamar akuya, ina matar ta shiga?" Sanatu ma ba ta raga mata ba, ta riƙa tone nata kurakuran tana shela. Madam na zagayawa tsakanin bencina, ta raba gardama, ta gwada makinta da nasu, inda suka saɓa a tsaya a yi ta ja har a daidaita. Ranar da Sanatu ta tashi ta karanta labarin buhun albasa da Turancinta a gaban aji, ba wanda ya yi motsi. Da ta gama, Pumaaya ta share ido da gefen hijabi ta ce, "Ba laifi. Don dai baiwata ce."

Sanatu ta ci jarrabawar gwaji, ta ci ta ƙarshe, kuma Turanci na cikin waɗanda ta fi ci. Ajin gaba ɗaya ya yi abin da makarantar ba ta saba gani ba, har hedimasta ya riƙa ba baƙi labarin dabarar kamar tare aka yi ta. Mun bar shi, ai ya ba da zangon.

Bayan sakamako ya fito, sai ga Gwaggo a ƙofar aji da daro a ka. Ta sauke shi a gaban Madam, ta durƙusa, ita da ta girme ta.

"Madam, ki ajiye wannan. A gidana ba shi da sauran aiki."

Tun daga ranar, a cikinsa yara ke zuba insha'insu kafin kowa ya ɗauki na abokin wasansa.

Madam Tipaga, ke ce kika yi kuskure a gaban yara ba ki ɓoye ba, kika koma kika gyara. Ke ce kika ɗauki wasan da muke yi a bakin famfo da gidan biki, wanda muka ɗauka shirme ne, kika mai da shi abin koyarwa. Uwar aji, mai babur mai tari, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa. Malaman da ke tasowa kuma, ku leƙa ajin nan kafin ta tafi, ku ga yadda ake sauraron yara da garin da suka fito.

Wadda za ta karɓi ajin ta riga ta iso, ta gama kwalejin horon malamai, sunanta Madam Sanatu. Na ga lokacin da Madam Tipaga ke nuna mata kayan aji, har suka zo kan daron. Sanatu ta ɗaga shi ta juya, ta shafa wurin da ya lotse, sannan ta mayar da shi gindin allo.

"A bar shi nan, Madam," ta ce. "Wannan kayan kam zan iya ɗaukarsa."